Tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali: anya tana yi wa mai girkin mutum ɗaya rana?

Bakon_Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so masana girki su warware mini wata magana. A ganina tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali ta masu iyali ce, ba ta mutum ɗaya ba. Kusan duk tsarin girkin da ake rubutawa dominta na mutum 6 ne ko 8. Idan aka rage kayan ya zama na baki ɗaya, ko dai gefen ya ƙone, ko miyar ta tsinke, ko kayan lambu su dagargaje. To wane abinci mai gina jiki ne mutum ɗaya zai dafa a cikinta ya fito daidai, ba tare da ya kwana biyar yana cin abu guda ba?

Uwar_Murhu:
Wa alaikumus salam. Malam, laifin ba na tukunyar ba ne, na girmanta ne. Tana aiki daidai ne idan abinci ya kai rabinta zuwa kashi biyu cikin uku. Wayar da ke ba da zafi tana jikin ƙarfen waje, tana ɗumama kaskon tangaran ta ƙasa da gefe. Idan ka zuba ɗan abinci a mai lita 5 ko 6, sai ya baje a gindi, bangon kaskon ya yi zafi babu abin da ke shanye zafin, gefen abincin ya yi ƙanzo tun tsakiyar ba ta gama nuna ba. Mutum ɗaya mai lita 1.5 zuwa 2 ya dace da shi. Rabinta shi ne ci biyu, wani lokaci uku. Ka ci yau, ka ci gobe, shi ke nan.

Bakon_Zaure:
Wanda kuma babbar ce a hannunsa fa, Hajiya? Sai ya sayi wata?

Uwar_Murhu:
Ba dole ba. Ya sami kwanon tangaran ko na gilashi mai jure zafi wanda zai shiga cikin kaskon, ya zuba girkin a ciki. Sai ya zuba ruwan zafi a kaskon har ya kai rabin jikin kwanon, ya rufe da murfin tukunyar. Ruwan ne zai riƙa raba zafin, babu ƙonewa. Ya dai ƙara kamar awa ɗaya a kan lokacin da aka saba.

Mai_Ludayi:
Bari in ɗauki batun tsinkewar miya, domin a nan yawancin mutane ke faɗuwa. A tukunyar murhu ruwa yana ƙonewa ya tafi. A wannan ba ya zuwa ko'ina: tururi ya tashi, ya bugi murfi, ya koma ciki. Ga shi albasa, tumatir, nama da kabeji duk suna fitar da nasu ruwan. Saboda haka idan tsarin girkin na murhu ne, a rage ruwan da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci ma rabi. Ba a nutsar da nama a ruwa sai in romo ake so.

Ga misali na ci biyu a tukunya mai lita 1.5. Cinyar kaza 2, a cire fatar. Dankalin Turawa matsakaici 1, a yanka shi kamar santimita 2 zuwa 3. Karas 2, rabin albasa, tafarnuwa ƙwaya 2, citta kaɗan, markaɗaɗɗen tumatir giram 200, ruwa mililita 100 kacal. Dankali da karas su ne a ƙasa, kaza a bisansu, tumatir a sama. Ƙaramar wuta awa 5 zuwa 6. Saura minti 10 a kashe, a zuba alayyahu cikin tafi biyu a rufe. A matsa lemun tsami a faranti.

Idan duk da haka ruwa ya yi yawa, a buɗe murfin a mayar da ita babbar wuta na minti 30, ko a dama garin sitacin masara cokali 1 da ruwan sanyi cokali 2 a juya a ciki, a ba shi minti 15.

Zinariya04:
Anti, me ya sa dankali ne a ƙasa? Na ɗauka nama ya fi wuyar dahuwa.

Mai_Ludayi:
A wannan tukunyar karas da dankali sun fi nama jinkiri, ƙanwata. Zafin bai kai na murhu ba, su kuwa suna buƙatar su zauna cikin ruwa kusa da inda ya fi zafi. In kika ɗora su a sama, za ki tarar kaza ta saki ƙashi, karas yana garas-garas.

Abban_Yara:
Kada a manta da ƙirjin kaza. Masu neman rage kitse shi suke fara saya, kuma shi ne ya fi lalacewa a nan. Ba shi da kitse ba shi da jijiya, don haka bayan awa 3 a ƙaramar wuta ya fara bushewa yana zare-zare, ko da kuwa yana cikin ruwa. Cinya ita ce ta doguwar dahuwa. A naman sa ma haka: ƙwauri, wuya da kafaɗa. Jijiyar da ke sa su tauri a murhu ita ce ke narkewa a hankali ta ba romo kauri. Giram 300, a yanka manya kamar santimita 4, ruwa mililita 150, ƙaramar wuta awa 8. Tsokar da ba ta da jijiya kuwa asara ce a sa ta a ciki.

Likitar_Abinci:
Kafin a yi nisa da tsarin girki, akwai gargaɗin da ya fi duk wannan muhimmanci, musamman tunda masu girkin mutum ɗaya suna yawan dogaro da wake. Jan wake mai siffar ƙoda yana ɗauke da wani sinadari daga dangin lektin wanda ke haddasa amai mai tsanani da gudawa, yawanci cikin awa 1 zuwa 3 bayan ci. Ƙwaya 4 ko 5 da ba su dahu ba sun isa su kwantar da mutum. Tafasa mai ƙarfi ce ke kashe shi, ita kuwa tukunyar nan a ƙaramar wuta tana iya shafe sa'o'i ba ta kai ga tafasa ba. Waken zai yi laushi, ya yi kama da dafaffe, amma sinadarin yana nan.

Hanyar ita ce: a jiƙa shi aƙalla awa 5, a zubar da ruwan jiƙon, a sa sabon ruwa a tukunyar murhu, ya ɓararraka sosai aƙalla minti 10, sannan ya shiga tukunyar lantarki. Na gwangwani an riga an dafa shi, ba ya buƙatar wannan, sai dai a ɗauraye shi don rage gishiri, a zuba shi a rabin awar ƙarshe.

Injiniya_Sale:
Ƙarin bayani kaɗan, Likita. Minti 10 shi ne mafi ƙaranci. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka minti 30 take ba da shawara, don a tabbatar zafin ya ratsa har cikin ƙwayar. Kuma a fara ƙirga lokaci daga sa'ad da ruwan ya tafasa, ba daga ɗora tukunya ba.

Likitar_Abinci:
Haka ne, na gode. Wanda ya yi 30 bai yi asarar komai ba. Farin wake mai irin wannan siffar shi ma yana da sinadarin, ko da yake bai kai ja ba, don haka a yi masa daidai da shi.

Zinariya04:
To idan sai an tafasa a murhu tukuna, ina amfanin tukunyar? Ai an yi aiki biyu ke nan.

Inna_Kulu:
Shi ya sa waken lentil, wato ɗan ƙaramin wake mai faɗi, ya fi dacewa da mutum ɗaya. Ba ya buƙatar jiƙo, wankewa kawai. Giram 100 busasshe, ruwa mililita 450, rabin albasa, karas 1, tafarnuwa, kurkur rabin ƙaramin cokali, man zaitun ƙaramin cokali 1. Babbar wuta awa 3, ko ƙarama awa 6. Jan lentil yana narkewa ya zama miya mai kauri, mai ruwan ƙasa da kore suna riƙe siffarsu. Ci biyu ne cif. Tumatir da lemun tsami a bari sai ya yi laushi, domin tsami yana hana fatar kowane irin wake saki. Mutum zai ga an yi awa 8 wake yana nan da ƙarfinsa, ya zargi tukunya, alhali tumatirin da ya zuba tun farko ne.

Abban_Yara:
Tsohon wake ma haka yake yi. In ya daɗe a ajiye, ko babu tumatir ba ya laushi yadda ake so.

Dan_Gwauro:
Ni inda nake da ja shi ne ɗanɗano. Duk abin da ya fito daga tukunyar nan ɗanɗanonsa ɗaya, lami. Ana cewa abinci mai lafiya, amma in bai yi daɗi ba wa zai ci gaba da cinsa?

Mai_Ludayi:
@Dan_Gwauro dalili biyu ne. Na farko, ƙamshin soyayyen nama da albasa yana samuwa ne a zafin da ya wuce digiri 140 na ma'aunin Selsiyas, a busasshen kasko. Abin da ke cikin ruwa ba ya wuce 100. Don haka minti 5 na soya albasa da gefen nama a kwanon suya kafin a zuba suna canza komai. A zuba ɗan ruwa a kwanon a kankare abin da ya manne, shi ma ya shiga tukunya. Na biyu, ɗanyen ganye mai ƙamshi da tafarnuwa suna dushewa bayan doguwar dahuwa. A raba: busasshen kayan ƙamshi a farko, ɗanye a ƙarshe. Barkono kuwa a yi hankali, shi ƙaruwa yake yi.

Uwar_Murhu:
Ban yarda soyawa dole ba ce. Ga cinyar kaza da lentil bambancin kaɗan ne, kuma wanda ya zaɓi tukunyar nan da safe sauri yake yi. Inda na yarda da ke shi ne niƙaƙƙen nama. Shi in ba a soya an tsiyaye kitsen ba, dunƙulewa yake yi, mai ya taso a sama. Abin da ke gyara lami da gaske tsami ne a ƙarshe: lemun tsami ko ɗigon binega. Mutane suna jin abinci ya yi lami sai su ƙara gishiri, alhali ba shi ne ya gaza ba.

Likitar_Abinci:
Wannan magana ta Hajiya a riƙe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen sinadarin ɗanɗano da kayan gwangwani. Matsalar girkin mutum ɗaya ita ce hannu ya saba da ma'aunin babbar tukunya. Dunƙulen da zai wadaci mutum 4 sai ya tafi a ci biyu. Rabi ya isa, kuma a ɗanɗana a ƙarshe kafin a ƙara komai.

Bakon_Zaure:
Likita, tunda kina nan: awa 8 a kan wuta bai kashe amfanin kayan lambu ba? Wannan na cikin abin da ya sa nake shakkar kiran abincin mai gina jiki.

Likitar_Abinci:
Wani yana raguwa, wani ba ya raguwa. Bitamin C da folet (wani nau'in bitamin B) ba sa jure dogon zafi. Furotin, sinadarin ƙarfe da sauran ma'adinai da harzar abinci suna nan. Abin da ya narke cikin ruwa ma ba a rasa shi ba, tunda ruwan ake ci tare da abincin, ba zubarwa ake yi ba. Jan sinadarin tumatir kuwa jiki ya fi samun sa bayan dahuwa. Maganin raguwar shi ne abin da Mai_Ludayi ta faɗa: ganye a minti 10 na ƙarshe, lemun tsami a faranti, ko ɗanyen tumatir da kokwamba a gefe. Bitamin C ɗin nan yana taimaka wa jiki ya sha ƙarfen da ke cikin wake da lentil. Abin da ake nema giram 400 ne na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, kuma dankali ba ya cikin lissafin.

Injiniya_Sale:
Akwai rashin fahimta game da maɓallan. A yawancin tukwanen nan ƙaramar wuta da babba duk kusan zafi ɗaya suke kaiwa a ƙarshe, dab da tafasa. Bambancin yana ga tsawon lokacin isa can. Kusan awa 1 a babba daidai take da awa 2 a ƙarama. Maɓallin ɗumamawa kuwa ba na dahuwa ba ne sam, na riƙe dafaffen abinci ne sama da digiri 60, kuma kada ya wuce awa 4.

Duk buɗe murfi yana fitar da tururin da ya taru, sai an yi minti 15 zuwa 20 kafin zafin ya dawo. A ƙaramar tukunya mai ɗan abinci faɗuwar ta fi sauri. Ba ta buƙatar juyi, a ƙyale ta.

Wanda ke shakkar tukunyarsa, musamman tsohuwa, ga gwaji: a zuba ruwa zuwa kashi biyu cikin uku, a rufe, ƙaramar wuta awa 8, a buɗe a auna nan take da ma'aunin zafi. Ya kamata ya kai digiri 85. In ya gaza, ba ta da aminci ga nama.

Zinariya04:
Za a iya sa kaza kai tsaye daga firiza? Wanda ke zaune shi kaɗai ai komai nasa a firiza yake.

Likitar_Abinci:
A'a. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Ƙanƙararren nama a tukunyar da ke ɗumama a hankali zai daɗe a wannan tsakanin. A sauko da shi cikin firij tun dare, da safe ya saki. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba a so a zuba ɗanyen nama a sa agogon da zai kunna tukunya bayan awa 3. Kaza ta dahu idan tsakiyarta ta kai digiri 74.

Inna_Kulu:
Dabarar firiza ga mutum ɗaya ita ce a raba tun ranar saye. Cinya bibbiyu a leda, nama giram 300 a leda, a baje su su yi faɗi don su saki da wuri. Kayan lambu a yanka da dare a sa a mazubi daban da na nama.

Abban_Yara:
Wasu suna haɗa komai a kaskon da dare su sa shi a firij, da safe su ɗora. Yana rage aiki.

Injiniya_Sale:
Yana ragewa, amma da haɗari biyu. Tangaran mai sanyi yana jinkirta ɗumamar abinci, kuma sauyin zafi farat ɗaya yana iya tsaga shi. Haka zuba ruwan sanyi a kasko mai zafi don a wanke. A duba takardar da ta zo da tukunyar, kamfanoni sun bambanta a kan wannan. Mafi aminci a ajiye kayan a wani mazubi, juyewa ba ta cin minti ɗaya.

Dan_Gwauro:
To batun ɗaukewar wuta fa? An fita an bar ta, an dawo an tarar ta huce.

Likitar_Abinci:
In ba ka nan lokacin da wutar ta ɗauke, ba ka san awa nawa abincin ya yi da ɗumi-ɗumi ba, sai a zubar, ko da ya yi kama da dafaffe. Sake tafasawa ba ta kashe kowace guba da ƙwayoyin cuta suka riga suka saki. In kana nan, ka juye a tukunyar murhu nan take ka ƙarasa. In kuwa ya gama dahuwa kafin ta ɗauke, yana da kamar awa 2 a rufe.

Injiniya_Sale:
Ƙananan tukwanen ba sa jan wuta sosai, kusan wat 100 zuwa 150. Mai wat 120 a awa 8 bai cika kilowat-awa 1 ba. Don haka mai batirin ajiya zai iya riƙe ta ba wahala.

Uwar_Murhu:
Mu koma ga tambayar Malam ta kwana biyar ana cin abu guda. Ni shawarata kada a dafa cikakken abinci kullum, a dafa tushe. Naman ƙwauri da albasa da tumatir, ba kayan ƙamshi mai ƙarfi. Rana ta farko da shinkafa. Ta biyu a zuba masa kabeji da waken gwangwani ya zama miya mai kauri. Kaso na uku ya tafi firiza. Girki ɗaya, faranti uku daban.

Mai_Ludayi:
Ni kuma na fi son a dafa ci biyu a tsaya nan. Firizar mutum ɗaya tana cika da robobin da ba a san ranarsu ba. In za a daskarar, a rubuta kwanan wata a jiki, a cinye cikin wata 3. Shinkafa da taliya dai a dafa su daban, minti 15 ne a murhu. A cikin tukunyar caɓewa suke yi, su shanye romon. Madara da yogot suna tsinkewa, sai a minti 15 na ƙarshe. Kifi a ɗora shi a saman kayan lambu saura minti 20 zuwa 30.

Likitar_Abinci:
Kan ragowa: kada a bar ta ta huce a cikin kaskon, tangaran yana riƙe zafi ya daɗe. A juye a mazubi mara zurfi, ya shiga firij cikin awa 2, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4. Shinkafa ta fi tsauri, a sanyaya ta da wuri, a cinye washegari. Kuma ba a ɗumama ragowa a tukunyar nan, tana jinkiri. Murhu ko na'urar ɗumama abinci, har sai tururi ya tashi daga tsakiya. Wani alheri na kwana a firij shi ne kitsen yana daskarewa a sama, a sa cokali a ɗebe.

Zinariya04:
Babu wanda ya yi maganar karin kumallo.

Inna_Kulu:
Hatsin ots, amma ɓarzajje, ba wanda aka murje ya yi fale-fale ba, shi yana zama manne. Giram 50, ruwa ko rabin ruwa rabin madara mililita 200, kirfa kaɗan, rabin tuffa a yanka. Wannan ya yi kaɗan ko ga mai lita 1.5, don haka a bi dabarar kwano cikin ruwa da Hajiya ta kawo a sama. A shafa ɗan mai a kwanon. Ƙaramar wuta awa 7 zuwa 8, a kwanta a tashi a tarar da shi. Gyaɗa ko ayaba a sama maimakon sukari.

Mai_Ludayi:
Inna, madarar ba za ta tsinke ba a awa 8?

Inna_Kulu:
Sitacin hatsin yana riƙe ta, kuma babu tsami sosai a ciki. Amma in tuffar mai tsami ce, a dafa da ruwa zalla a zuba madara da safe.

Bakon_Zaure:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka. Har yanzu dai ina ganin ga lentil da ke dahuwa cikin rabin awa a murhu, tukunyar ba ta ƙara komai ba. Ga naman ƙwauri kam na sallama.

Abban_Yara:
Ta ƙara abu ɗaya: ba ka tsaye a kanta. Amma in kana gida kuma kana da rabin awa, murhu ya fi, ban musa ba.

Dan_Gwauro:
Injiniya, wanda zai fita awa 11 fa, kuma tukunyarsa ba ta komawa ɗumamawa da kanta? Cinyar kaza ai ta zama tsumma.

Injiniya_Sale:
Kada ya sa kaza a irin wannan ranar. Naman ƙwauri ko wuya a manyan yanka, kamar santimita 5, karas da dankali su ma manya, tukunya ta kai kashi biyu cikin uku, ruwa ya ƙaru da mililita 50. Zai jure awa 10 zuwa 11 a ƙaramar wuta. Kabeji da ganye su jira sai ya dawo.